Jirgin Talata Zuwa Kilindoni

Kilindoni, tsibirin Mafia
Alhamis, cikin watan Rajab

Zuwa ga jikata Mwasiti,

Yau Alhamis, na tashi da dama-dama. Gwiwoyina sun yarda sun kai ni masallaci, tarin ma ya lafa tunda ruwan sama ya ɗan tsagaita. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike haya.

Takardarki ta zo ta hannun wani mutumin garinmu da ya sauka a jirgin Talata. Kin tambaya ko ni ne Shomari Hatibu, wan kakarki Mwanaidi. Ni ne, ba wani ba. Ban san mahaifinki Athumani ya rasu ba sai da na karanta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Rabona da shi tun yana goye a bayan uwarsa, ran da mijinta ya kwashe su zuwa Tabora. Mwanaidi ba ta sake taka tsibirin nan ba. Labarin rasuwarta ma sai da ya shekara kafin ya iso mu.

Kin ce mahaifinki yakan ce kin ɗauko fuskar uwarsa, amma tunda yana ƙarami ta rasu ta bar shi, ba ki sani ba ko tunawa yake yi ko kewa ce kawai. To yarinya, mutum ɗaya ya rage a duniya da zai raba wannan gardama. Ba a taɓa ɗaukar Mwanaidi hoto ba. Sa'o'inta duk sun riga mu gidan gaskiya. Matata ta rasu, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Fuskar ƙanwata a kaina kaɗai take zaune yanzu, ni ma ina so in ga ko ta dawo.

Sai dai ki hanzarta. Idona na hagu ya mutu tun bara waccan. Na dama yana nan, amma likitan da ya zo mana daga babban gari ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take bushewa. Yanzu gani nake kamar mai leƙe ta cikin kara: abin da ke gabana sosai ina ganinsa, gefe da gefe duhu ne.

Kada ki aiko mini da hoto. Na daɗe ina aikin akawu a gonar kwakwa, na san halin mutane: wanda ya aiko takarda sai ya ɗauka ya zo. Kuma kamannin Mwanaidi ba a tsaye suke ba. Suna cikin dariyarta, da wushiryarta, da yadda take karkata kai idan za ta yi musu. Hoto ba ya musu. Ki zo da ƙafarki.

Jirgin sama yana zuwa Talata da Asabar, idan akwai mai, idan kuma fili bai jiƙe ba. Ƙarami ne, duk wanda zai hau sai an auna shi da kayansa kamar buhun kwakwa, saboda haka kada ki ci tuwo da yawa ran tafiya. Jirgin ruwa kuwa na hana ki. Iskar kusi ta fara kaɗawa daga kudu, teku ba ta san baƙo ba a wannan lokaci, ke kuma 'yar tudu ce.

Sannan ki sani, jikar ƙanwata matata ce, haka muka gada. Ki gaya wa samarin Dar es Salaam kina da miji a tsibiri. Haƙorana ba su da yawa, amma waɗanda suka rage masu biyayya ne.

Kakanki,
Shomari Hatibu


Dar es Salaam
9 ga Mayu

Zuwa ga Kaka, angona na tsibiri,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ya jiki, ya gwiwoyi, ya tari? Ni lafiyata ƙalau, sai zafin gari da layin sukari.

Na karanta takardarka a ofis, ina gaban tafireta, sai ga hawaye a kan takardar shugabanmu, dole na sake buga ta. Tunda Baba ya rasu ba wanda ya kira ni jika. Samarin kuma na isar musu da saƙo. Ɗaya ya tambaya ko mijin yana da mota, na ce yana da jirgin sama sau biyu a mako, idan akwai mai.

Washegari na tafi inda ake sayar da tikiti. Mai tikitin yana cin gyaɗa, bai ko ɗaga kai ba.

Na ce, "Mafia nake so."

Ya ce, "Kowa ma yana so. Filinku ya zama fadama, 'yar'uwa. Sai dai in nemo miki agwagwa ki hau."

Na ce, "Yaushe zai bushe?"

Ya nuna sama da ɓawon gyaɗa ya ce, "Tambayi mai ruwan. Ni tikiti nake sayarwa."

Abin da ya ba ni dariya shi ne da ya ce filinku. Ban taɓa ganin filin ba, amma na fito ina jin kamar na gaji wani abu.

Maganar hutu ita ce mai wuya. Sabuwa ce ni a wurin, bara aka ɗauke ni daga Tabora. Shugabanmu ya ce ba zai sake ni ba sai bayan ƙaramar salla, kuma mako ɗaya tak. Na roƙe shi, na ce kakana ba shi da lafiya. Ya ce duk wanda ya shigo ofishinsa kakansa ba shi da lafiya.

Saboda haka Kaka, ka gaya mini gaskiya ƙarara game da idon nan. Idan zai jira bayan salla, zan jira, in zo a jirgin sama kamar yadda ka ce. Idan kuwa ba zai jira ba, wallahi zan ajiye musu tafiretarsu, in bi mota zuwa bakin ruwa, in hau duk abin da na samu yana iyo, da kusi ko ba kusi. Ban iya ninƙaya ba, amma na iya addu'a. Kalma ɗaya nake jira daga gare ka.

Hoto ban aiko ba, na ji maganarka. Amma jiya na tsaya gaban madubi ina musu da kaina don in ga ko kaina yana karkata. Matar gidanmu ta leƙo ta ce, "Mwasiti, aljanun tsibirin ne suka riga ki zuwa?"

Zan ba wani ɗan garinku wannan takarda, ya ce da zarar fili ya bushe zai tafi.

Jikarka,
Mwasiti


Kilindoni
Litinin, tsakiyar azumi

Zuwa ga matata Mwasiti,

Yau Litinin, jiki ba laifi, sai rashin ƙarfi na azumi. Liman ya ce in sha, na ce sai in ya fara sha. Ina gaishe ki, ina yi miki barka da shan ruwa.

Takardarki sai shekaranjiya ta same ni. Mutumin da kika ba ya sauka tun kafin a ga wata, ya manta da ita a aljihun riga, sai da matarsa ta zo wanki ta tsinto ta. Duk wannan lokaci ban san ko kin amsa ba. Tunda fili ya bushe, kowace Talata da Asabar sai in ɗauki sandata in tafi in zauna a gindin mangwaron da ke bakin filin. Silima, mai sikelin da ke auna matafiya, har ya ajiye mini kututture. Yakan ce, "Baba Shomari, yau ma amaryar ba ta zo ba? Ko dai ta ji labarin haƙoran?" In ce masa, "Kai dai auna kayanka, kada ka auna aurena."

Kin tambayi ido. Alhamdu lillahi, da sauƙi. Ki jira bayan salla. Kada ki bar aikinki, kuma ina sake faɗa miki, kada ki kusanci jirgin ruwa. Iskar kusi ta bara ce ta cinye jirgin da mijin maƙwabciyata yake ciki, ko hularsa ba a gani ba.

Wannan maƙwabciya ita ce Binti Kombo, kuma ya kamata ki san ta tun yanzu, domin ita ke riƙe da ni. Ita ke kawo mini shinkafa da romon kifi, ita ke ɗebo mini ruwa, ita ke yi mini faɗa. Jiya wajen buɗa baki na zuba shayi a gefen kofi, ta ce, "Tabarma ma azumi take yi, da kake ba ta?" Na ce tabarmar ta fi ta ladabi.

Ban iya riƙe bakina ba, na gaya wa jama'a a masallaci cewa jikar Mwanaidi za ta zo a jirgin sama bayan salla. Yanzu duk gari ya sani. To ga abin da zai biyo baya, tunda ke ba a nan kika tashi ba. A wurinmu wanda zai hau jirgi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Gidan waya sai ya ga dama, kantunanmu kuma fayau suke, ba sabulu ba sukari. Saboda haka duk mai ɗan'uwa a birni zai rubuta masa ya kawo miki saƙo. Za su zo ƙofarki da ƙunshi-ƙunshi. Ki karɓa da hannu biyu. Wanda ya ƙi saƙon mutum a nan, kamar ya ce ba ya cikinmu ne, kuma ba a mantawa, har jikokinsa sai an gaya musu. Ina so ki sauka a matsayin 'yar gida, ba baƙuwa ba.

Musamman na Binti Kombo. 'Yarta za ta yi aure Juma'ar da ke bin makon salla, ɗanta Makame da ke aiki a tashar jiragen ruwa a can zai kawo miki kayan amarya. Ko da za ki ƙi na kowa, kada ki ƙi nata. Ba ni da abin da zan biya matar nan da shi sai wannan.

Ki yi haƙuri da rubutun, alƙalamin ne ya lalace.

Mijinki mai jira,
Shomari Hatibu


Dar es Salaam
4 ga Yuli

Kaka,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan ka sha romo ka huta. Ni lafiya lau.

Da na karanta cewa ido da sauƙi sai na yi sujada. Ka sauke mini dutse daga ƙirji. Rubutunka kam ya yi manya-manya, layi yana hawa kan layi, har na ɗan tsorata, sai na ga ka ce alƙalami ne. Na saya maka sabo.

Albishirinka: tikiti yana hannuna. Talata mai zuwa zan sauka, in kwana bakwai a wurinka, in dawo Talatar sama. Ka gaya wa Silima ya wanke sikelinsa.

Mutanenka kuwa sun zo. Kaka, ashe haka kuke da yawa a garin nan? Ɗakina ya zama kanti. Akwai sabulu, da sukari, da batir, da takalmin yaro ƙafa ɗaya wai ɗayan yana can, da atamfofi, da kwalaben magani, da wani ƙunshi da aka ce kada in buɗe, kada in jinginar, kada in ɗora masa komai. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ɗan abu ne kaɗan, ba nauyi." Wata tsohuwa ta riƙe haɓata ta juya fuskata hagu da dama ta ce, "Ke ce ta gidan Hatibu? To ga maganin mijina, a hannunki za ki riƙe." Na tambaye ta ko ta san Mwanaidi. Ta ce a'a, ita daga baya aka aure ta zuwa garin.

Jiya Makame ya zo da wani abu a naɗe cikin bargo, yana nishi.

Na ce, "Wannan fa? Gawa ce?"

Ya ce, "Kan keken ɗinki ne, na amarya. Shekara biyu ina tara shi. Ɗan abu ne..."

Na ce, "Kaɗan, ba nauyi. Na sani."

Muka yi dariya, amma da na gwada ɗagawa sai da bayana ya amsa. Ban ƙi na kowa ba, kamar yadda ka ce. Nawa kayan na rage su, riga biyu kawai zan zo da su da alƙalaminka. Matar gidanmu ta ce wannan ba jirgin sama nake bukata ba, tirela ce mai fiffike.

Ka sa farar rigarka ran Talata. Zan fito ina musu tun daga matakala don ka gane ni.

Taka,
Mwasiti


Filin jirgi, Dar es Salaam
Talata

Kaka, ina gaishe ka, a tsaye nake rubutu, ka yafe mini.

Ba zan sauka yau ba. Kayan za su sauka.

Duk masu saƙo sun rako ni, kowa yana tsaye yana kallon nasa ƙunshin. Aka ce in hau sikeli, na hau. Aka ɗora kayan. Mai awo ya dubi allurar ya dube ni ya ce, "'Yar'uwa, kujera ɗaya kika saya, kin zo mana da mutum biyu." Jirgin ya cika, matuƙi ya ce ko ƙwayar gyaɗa ba zai ƙara ba. Aka ce in rage.

Na juya in rage, ban san na wa zan taɓa ba. Na kai hannu kan sukari, mai shi ta ce na maijego ne. Tsohuwar nan ta ce, "Maganin mijina dai ba zai kwana a nan ba." Makame ya tsaya kusa da kekensa yana murza hula, can ya ce a hankali, "Bikin Juma'a ne fa, Yaya." Kuma keken shi ne rabin nauyin.

Sai mai awo ya ce, "Ga shawara. Ki haƙura da yau, a ɗora kayan a madadinki, in sa sunanki na farko a jirgin Asabar. Ke kaɗai, ba ko tsinke."

Na fito da takardarka na sake dubawa. Ka ce ido da sauƙi. Ka ce ko zan ƙi na kowa kada in ƙi na Binti Kombo. Na ce to, kwana huɗu ne, biki ba ya jira, Kaka zai jira ni. Hutun zai ragu, amma daga Asabar zuwa Talata ya ishe mu mu yi musu.

Da na ce na yarda, tsohuwar ta rangaɗa guɗa a tsakiyar filin jirgi ta ce, "Wannan tamu ce!" Na so a ce kana nan ka ji.

Na saɓa maka a abu ɗaya. Akwai hotona a cikin ambulan ɗin nan, wanda na ɗauka don katin aiki. Ba a madadina yake ba, jingina ce, ka riƙe har Asabar in zo in karɓi abuna. Alƙalamin yana cikin bargon keke.

Ana kiran kaya. Sai Asabar, in Allah ya yarda.

Mwasiti


Kilindoni
Talata, cikin watan Shawwal

Zuwa ga jikata Mwasiti,

Yau Talata. Gwiwoyi suna nan yadda suke, tarin ya dawo kaɗan. Ina gaishe ki. Wannan karon ba zan ce da sauƙi ba.

Da sabon alƙalaminki nake rubutu. Na ɗora tsinken ganyen kwakwa a kan takarda ina bin sa da yatsa don kada layi ya hau layi. Idan duk da haka ya hau, ki yi haƙuri, ba zan iya dubawa ba. Tsohon alƙalamin lafiyarsa ƙalau.

Lokacin da na rubuta miki a cikin azumi, ramin da nake gani ta cikinsa ya riga ya koma kamar na allura. Kin ce kalma ɗaya kike jira ki hau jirgin ruwa. Na zauna da takardarki ina jin kusi tana kaɗa rufin ɗakina, na kasa rubuta kalmar. Kuma mu haka aka koya mana, ba a buɗe takarda da kuka. Na ɗauka za ki gane daga rubutun. Na kuma yi addu'a kada ki gane.

Bayan salla na riƙa ɗaure idon da ƙyalle, ina kwance shi lokacin alwala kawai, wai ina tattalin abin da ya rage don ranarki. Binti Kombo ta ce ido ba kananzir ba ne da za a adana shi. Ban saurare ta ba.

Talatar da ta wuce na sa farar riga. Rabin gari yana filin. Da jirgin ya tsaya na kwance ƙyallen, rana tana da kyau, kuma ina ganin ƙofar jirgin sarai, ƙarama, kamar a ƙarshen rami. Da kin fito da na gan ki. Mutane suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe sai ga Silima da matuƙi suna kokawa da wani abu a cikin bargo, ashe an ɗaure shi da bel a kan kujera kamar mutum. Silima ya ɗaga murya ya ce, "Baba Shomari, amaryarka ta iso, amma baƙa ce ƙirin kuma ƙarfe ce!" Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, don ban gane ba tukuna.

Shi ya karanta mini takardarki a gindin mangwaro. Da ya kai tsakiya sai muryarsa ta sauka, bai ƙara tsokanata ba. Kowa ya karɓi ƙunshinsa, ana ta sa miki albarka. Sunanki yana bakin kowa a garin nan, ana cewa jikar gidan Hatibu ta bar kujerarta don saƙon mutane. Abin da na roƙa ke nan, kuma an ba ni.

Silima ya miƙo mini hoton ya ce in duba. Na ƙi. Na kife shi na sa a cikin hulata. Na ce kwana huɗu ne, ba zan ɓata ganin farko a kan takarda ba, da ranta zan gan ta. Na mayar da ƙyallena na ɗaure.

Ran Juma'a na farka ina jin gangunan biki da guɗar mata. Na kwance ƙyallen ina mamakin waɗanne irin mutane ne ke kiɗa tun gari bai waye ba. Sai na ji zafin rana a bayan hannuna. Ashe gari ya daɗe da wayewa, idon ne ya tafi.

Ban gaya wa kowa ba sai da aka kai amarya. Da yamma Binti Kombo ta kawo mini shinkafar biki, na ciro hoton na miƙa mata, na ce ta gaya mini abin da ta gani.

Ta ce, "Kai ba ka da ido ne?" Sai ta gane. Na ji ta ajiye kwanon a hankali.

Na ce, "Faɗa mini dai."

Ta ce, "Yarinya ce kyakkyawa. Da ɗankwali mai fure."

"Kanta a karkace yake?"

"A miƙe yake. Mai hoto ai ba ya barin mutum ya karkace."

"Wushirya fa?"

"Bakinta a rufe yake, Baba."

Na ce, "To ta yi kama da Mwanaidi?"

Ta ce, "Ni ina na san Mwanaidi? Da aka kawo ni daga Kilwa ta daɗe da tafiya." Sai ta fashe da kuka, tana cewa kekenta ne ya zauna a kujerarki, da ta sani da an jefa shi a teku. Na ce ta yi shiru, ni na ce a ɗauko shi. Na shafa hoton da yatsa. Santsi ne kawai.

Saboda haka tambayar da kika yi mini tun farko, ba ni da amsarta. Ba zan ƙara yi miki ƙarya ba: ban sani ba, kuma yanzu ba mai sani. Fuskar Mwanaidi tana nan a kaina, ta ma fi da haske tunda sauran abubuwa suka ɗauke, amma ba ni da inda zan ajiye taki kusa da ita. Abu ɗaya zan iya cewa. Da ita ce a gaban sikelin nan, mutane suna kallonta, da ta sauka ta bar wa kayan kujera, tana yi tana musu. Wannan ba fuska ba ce, amma shi ke hannuna.

Kada ki zargi kanki, kada kuma ki bar aikinki. Kusi ba ta faɗi ba tukuna, maganata a kan jirgin ruwa tana nan. Idan an sake ba ki hutu wata shekara kuma ina nan, ki zo ki yi mini musu, kunnuwana suna aiki. Kada ki gaya wa kowa ranar. Ni ma ba zan faɗa ba.

Ran Asabar Binti Kombo ta riƙe mini sanda muka je fili. Muka zauna har la'asar. Silima ya ce an aiko cewa babu mai.

Yau ma mun je, ko da yake na san yau hutunki yake ƙarewa. Jirgin ya zo. Na ji saukarsa, na ji an buɗe ƙofa. Na ce wa Silima ya riƙa faɗa mini masu fitowa, ya yi ta kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya har ya yi shiru. Na ce ya leƙa ciki ko akwai saura. Ya je ya leƙa.

Zan ba shi wannan takarda ya ba wanda zai tafi Asabar, idan akwai mai. Hotonki yana cikin hulata, jingina ce, ban manta ba. Farar rigar na ba Binti Kombo ta ninke.

Ba ki zo ba, Mwasiti.

Kakanki,
Shomari Hatibu